Kafin a binne hayaƙi a ƙarƙashin rijiyoyinmu

Tun daga ranar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa, wata magana ta riƙa zagaya ɗakunan taro na Abuja, daga wannan bita zuwa waccan. Maganar ita ce fasahar kama iskar kabon da binne ta a ƙarƙashin ƙasa, wadda masu harkar ke taƙaitawa da CCS. A 2022 Bankin Duniya da reshensa na IFC suka fara aiki da gwamnatin tarayya domin duba yadda za a kafa wannan harka a nan. Ba abin mamaki ba ne da ta yi farin jini. Ƙasar da ta kira 2021 zuwa 2030 shekaru goma na gas, kuma ta yi alƙawarin rage hayaƙi, dole ta yi maraba da duk wanda ya ce mata za ta iya riƙe biyun a lokaci guda.

Sai dai ana tattauna batun ne a matsayin maganar mai da gas, da jarin waje, da kasuwar kabon. Ni kuwa a ganina maganar ruwa ce kafin komai. Wannan fasaha tana shan ruwa a saman ƙasa, sannan tana ajiye kayanta a ƙarƙashin ruwan da mutane ke sha. Duk jami'in da takardar irin wannan aiki za ta bi ta teburinsa, ya kamata ya fara neman shafin ruwa kafin ya duba shafin dala.

Bari mu fara da ƙishirwar. A hanyar da aka fi amfani da ita, ana tura hayaƙin masana'anta ko na tashar lantarki ta cikin wata doguwar hasumiya, inda wani ruwan sinadari mai suna amin ke zubowa daga sama yana tsotse iskar kabon. Daga nan a kai ruwan sinadarin wata hasumiyar a dafa shi da tururi har ya saki iskar, a sanyaya shi, a mayar da shi ya sake zagaye. Ita kuma iskar a matse ta da manyan injuna har ta yi kauri kamar ruwa, yadda za ta bi bututu. Kowane mataki a nan zafi yake haifarwa, zafin kuma da ruwa ake kashe shi. Ga wani nauyin kuma: rahoton da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa tashar da aka ɗora wa wannan na'ura za ta buƙaci ƙarin makamashi tsakanin kashi 10 zuwa 40 cikin 100 kafin ta ba da wutar da take bayarwa a da. Ƙarin makamashi na nufin ƙarin gas, ƙarin gas kuma ƙarin ruwan sanyayawa. Nazarin da aka yi a Amurka kan tashoshin kwal masu hasumiyar sanyaya ruwa ya nuna cewa ruwan da suke ƙonarwa a kan kowane ma'auni na lantarki yana kusan ninkawa.

Wani masani mai suna Lorenzo Rosa da abokan aikinsa sun auna abin ta wata fuskar a 2021. Sun gano cewa kama tan ɗaya na iskar kabon na iya cin ruwa daga lita 740 har zuwa lita 575,000, gwargwadon hanyar da aka bi. Mafi ƙishirwa ita ce wadda ake noma tsirrai a ƙona su sannan a kama hayaƙinsu. Mu bar babban adadin, mu ɗauki mafi ƙanƙanta mu yi lissafin kasuwa. Masana'antar da za ta kama tan miliyan ɗaya a shekara za ta sha lita miliyan 740, wato sama da lita miliyan biyu kowace rana. Idan aka ba mutum lita 50 a yini, wanda shi ne ɗan abin da zai ishe shi sha da girki da wanka, wannan ruwan mutum dubu 40 ne. Garin guda ke nan, kuma a lissafin da ya fi sassauci.

Wannan adadi ba zai tayar wa kowa hankali ba a bakin tekun Legas ko a Bonny. Amma manyan wuraren da ke fitar da hayaƙi ba duka suke bakin teku ba. Masana'antar siminti ta Obajana tana Kogi, ta Ashaka tana Gombe, ta Kalambaina tana Sakkwato, inda watanni bakwai ko takwas ke wucewa ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an shimfiɗa shi ne domin a kafa tashoshin lantarki da masana'antu a kan hanyarsa, ciki har da tashar Gwagwalada da aka aza harsashinta a 2023. Wanda ke zaune a Lugbe ko Kubwa ko Nyanya ya san nawa ake sayar da kurar ruwa a watan Maris. Akwai hanyar sanyayawa da iska maimakon ruwa, gaskiya ne, amma ta fi tsada, kuma ƙarfinta na raguwa ne daidai lokacin da zafi ya tsananta, wato lokacin da aka fi buƙatarta. Mai zuba jari ba zai zaɓe ta don Allah ba, sai in takardar izini ta tilasta masa.

Shi kansa sinadarin amin ba ruwan alwala ba ne. Yana lalacewa da amfani, yana barin dagwalon da dole a zubar da shi a matsayin shara mai guba, kuma ɗan abin da ke tserewa ta bakin hasumiya na iya rikiɗewa ya zama wasu sinadarai da aka san suna jawo cutar daji, su sauka a ƙasa da tafkuna. Wannan fargaba na cikin dalilan da suka jinkirta babban aikin Mongstad na ƙasar Norwe, wanda daga bisani gwamnatinsu ta soke shi a 2013 saboda tsada. Norwe ke nan, mai ɗakunan gwaji da kuɗin biyan masu gwajin.

To amma babbar damuwata tana can ƙasa. Ana tura iskar ne zuwa zurfin da ya haura mita 800, cikin wani dutse mai ƙananan ƙofofi kamar soso, wanda galibi cike yake da ruwan zartsi da ya fi na teku gishiri. A samansa ana buƙatar wani dutsen mai tauri da zai zama murfi. Iskar kabon ta fi ruwan zartsin rashin nauyi, saboda haka kullum neman hanyar hawa take yi. Idan ta sami tsaga a murfin, ko tsohuwar rijiyar da simintinta ya ruɓe, za ta hau. Idan ta haɗu da ruwan sha sai ta mayar da shi mai tsami, tsamin kuma ya narkar da ƙarafan da ke kwance cikin duwatsu, irin su dalma da asenik, su shiga ruwa. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da dalma ke yi wa yara. Sun binne fiye da 400 a 2010, ko da yake tasu ta haƙar zinari ce. Ko da iskar ba ta tsere ba, akwai ruwan zartsin da ta tarar a wurin. Ba ɓacewa yake yi ba. Ko dai matsi ya tura shi gefe da sama, ko kuma a haƙa wasu rijiyoyi a zuƙo shi, sannan a shiga neman inda za a kai shi.

Waɗannan ba zato ba ne, an gan su. A In Salah da ke tsakiyar hamadar Aljeriya, kamfanonin BP da Statoil da Sonatrach sun tura kimanin tan miliyan 3.8 ƙarƙashin ƙasa daga 2004. Tauraron ɗan Adam ya nuna ƙasar da ke saman rijiyoyin tana kumbura a hankali, aka kuma ga iskar ta ɓulla a wata tsohuwar rijiya da ke kusa. A 2011 aka dakatar da aikin saboda shakku kan lafiyar murfin. Abin lura shi ne, a saman wannan wuri akwai babbar taskar ruwan daɗi da garuruwan hamada suka dogara da ita. Ba a ce iskar ta kai ga ruwan ba, kuma waɗanda suka dakatar sun cancanci yabo. Amma sun dakatar ne domin suna aunawa, suna kuma da ƙarfin halin gaskata abin da ma'auni ya nuna musu.

A Ostireliya, aikin Gorgon na kamfanin Chevron, wanda aka tsara zai riƙa binne har tan miliyan 4 a shekara, ya fara a 2019 bayan jinkirin shekaru, kuma har yau bai kusanci adadin ba. Abin da ya karya masa ƙafa shi ne ruwa: rijiyoyin da ke zuƙo ruwan zartsi domin rage matsi sun riƙa toshewa da yashi. A jihar Ilinoyi ta Amurka kuma, a garin Decatur, inda kamfanin ADM ke binne hayaƙin masana'antarsa, tsatsa ta ci bututun wata rijiyar sa ido a 2024, ruwan zartsi da iska suka tsallaka zuwa wani sashe da ba a ba da izini ba. Hukumar muhalli ta ƙasar ta ce bai taɓa ruwan sha ba. Duk da haka, mazauna yankin ba su ji labarin ba sai bayan watanni, kuma a 2025 jihar ta kafa dokar hana binne kabon a ƙarƙashin taskar ruwa ta Mahomet, wadda dubban ɗaruruwan mutane ke sha daga cikinta. Rijiyar da aka haƙa domin tsaro ita ce ta zama ƙofar ɓaraka.

Yanzu a ɗauko wannan darasi a ɗora a kan Neja Delta, inda aka fi hangen za a yi binnewar, a tsofaffin filayen mai da suka ƙare. Tun daga Oloibiri a 1956 ake huda wannan ƙasa. Kowace rijiya da aka haƙa aka bari, ƙofa ce da ta ratsa murfin dutse daga ƙasa har sama. A Nuwamban 2021 wata rijiyar da ba a ɗibar mai daga cikinta a Santa Barbara, yankin Nembe na jihar Bayelsa, ta fashe ta yi ta aman mai da gas fiye da wata guda kafin a shawo kanta. Rijiyar Ororo da ke gaɓar tekun Ondo ta kama da wuta a 2020, ta shekara da shekaru tana ci. Waɗannan abubuwa ne da ido ke gani, hanci ke ji, jirgin sama ke ɗauka hoto. Ƙasar da ta sha wuya wajen kashe wutar da ake hangowa daga nesa, da me za ta gano iskar da ba ta da launi, ba ta da wari, tana tafiya a hankali a zurfin da ba mai leƙawa? Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya tarar da mutanen Nisisioken Ogale suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin fiye da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Sai da baƙi suka zo suka auna kafin a sani a hukumance.

Kada ɗan Arewa ya ce wannan matsalar mutanen Kudu ce. Abuja da Kano da Kaduna suna zaune a kan daskararren dutse wanda ba ya karɓar binnewa, amma Sakkwato da Kebbi da Borno da Yobe, da kwarin Bida da na Binuwai har zuwa Kolmani, duk suna kan irin duwatsun da masu wannan fasaha ke nema. Kuma su ne dai duwatsun da ke riƙe da ruwanmu. Taskar ruwan da ke ƙarƙashin Sakkwato ba tamu ba ce mu kaɗai, ta miƙe har Nijar da Mali. Ta Borno kuma muna tarayya a cikinta da maƙwabtan tafkin Chadi, kuma a can akwai rijiyoyin da ke zuƙo ruwa daga zurfin ɗaruruwan mitoci. A ƙasar da ruwan famfo ya gagari yawancin gidaje, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta a 2018, rijiyar burtsatse ce hukumar ruwa ta talaka. Kogi idan ya gurɓata damina kan wanke shi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa, wanda ya gurɓata shi ya bar wa jikoki gado.

Tsakanin masana'anta da wurin binnewa akwai bututu, shi ma da nasa labarin. A Fabrairun 2020, bayan ruwan sama mai yawa ya zaftare ƙasa, bututun iskar kabon ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a jihar Misisipi. Mutane suka riƙa faɗuwa a sume, motoci suka mutu a kan hanya domin injin ma numfashi yake yi, aka kai mutum 45 asibiti, aka kwashe kusan 200. Iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, ba ta tashi sama, kwarara take yi ta cika kwari. Mu a nan ba sai mun je Amurka neman misali ba. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos na Kamaru, kusa da iyakarmu, ya yi gyatsar wannan iska, ta bi kwari ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, da yawansu a cikin barci. Wancan aikin dutse mai aman wuta ne, ba na ɗan Adam ba, kuma wurin binnewar da aka zaɓa da kyau ba zai yi irin wannan aman a dare ɗaya ba. Amma ya nuna halin iskar. Kuma mun ɗauki tafkin da muhimmanci har muka gina dam ɗin Kashimbila a Taraba domin tare ambaliya idan bangonsa ya rushe. Abin da ba mu yi tunani ba shi ne mu shimfiɗa wa wannan iska hanya da hannunmu, ta ratsa ƙauyuka, a ƙasar da ake fasa bututu domin neman abin da ke ciki. Mai fasa bututu da daddare ba ya tsayawa karanta abin da aka rubuta a jikinsa.

Wa zai tsaya wa ruwa a cikin wannan duka? A nan ne aikin mai karanta wannan shafi ya shigo. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ce, an rubuta ta shekaru huɗu kafin a fara binne kabon na kasuwanci a ko'ina a duniya. Dokar da ta kafa NESREA a 2007 ta cire harkar mai da gas daga hurumin hukumar. NOSDRA an kafa ta ne domin malalar mai. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ce, ƙudurin sabunta ta kuma ya yi ta faɗuwa a Majalisa saboda rikicin da ya shafi ƙasa da ƙabilanci, ba ruwa ba. Abin da ya rage shi ne hukumomin da dokar man fetur ta 2021 ta haifa, musamman NUPRC, wadda ake auna nasararta da yawan gangar man da aka haƙo. Ba laifinta ba ne, aikinta ke nan. Amma a duniya galibin iskar kabon da ake kamawa ana tura ta ne cikin tsofaffin rijiyoyi domin ta koro sauran man da ya maƙale. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da kuwa kurar mai ladabi ce. Kundin tsarin mulki ya ce ma'adinai da mai da gas na tarayya ne, dokar 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni. To ƙofofin da ke cikin dutse, waɗanda ba ma'adini ba ne, ba kuma gona ba, na wa ne? Wanda ya mallake su shi ne zai amsa ƙara idan abu ya ɓaci.

Sannan akwai batun lokaci. A Amurka ƙa'idar da aka kafa a 2010, ƙarƙashin dokar kare ruwan sha, ta ɗora wa kamfani sa ido na shekara 50 bayan ya daina turawa, sai in ya kawo hujjar ragewa. A Tarayyar Turai dokar 2009 ta ce sai an yi aƙalla shekara 20 kafin gwamnati ta karɓi wurin, kuma kamfani ya bar kuɗin ci gaba da sa ido. Mu kuma a cikin 2024 da 2025 kaɗai mun ga Eni da ExxonMobil da Shell sun sayar da kadarorinsu na tudu da na gaɓar teku ga kamfanonin gida, aka bar al'ummomi suna tambayar wa zai share abin da aka bari. Ma'aikaci shekara 35 yake yi ya yi ritaya, minista huɗu ko takwas. Kabon da aka binne ana so ya zauna dubban shekaru. Fayil ɗin ma'aikata da ke ɓacewa tsakanin hawa na biyu da na uku shi ne za a dogara da shi a gane inda aka huda.

Masu goyon baya suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Sleipner na Norwe yana binne kabon a ƙarƙashin teku tun 1996 ba tare da an ga ya fito ba. Siminti kuma yana da wata larura ta daban: fiye da rabin hayaƙinsa daga dutsen farar ƙasar da ake gasawa yake fitowa, ba daga makamashi ba, saboda haka ko da hasken rana aka gasa shi sai ya fitar. Turai ta fara ɗora harajin kabon a kan siminti da taki da ƙarfen da ake shigar mata da su, wanda zai taɓa masu fitar da kaya daga nan. Saboda haka ban ce a rufe ƙofa ba. Amma a lura Sleipner yana can tsakiyar teku, inda babu rijiyar kowa a samansa. A kuma lura cewa a 2024, bayan kusan shekara 30, abin da duniya duka ke iya kamawa bai wuce kimanin tan miliyan 50 a shekara ba, alhali tana fitar da fiye da biliyan 37. Rabon Najeriya a cikin wannan bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kuma muna da hayaƙin da rage shi ba ya buƙatar ko cokalin ruwa: gas ɗin da ake ƙonawa a banza a bakin rijiyoyi, wanda doka ta sa wa wa'adin daina ƙonawa tun Janairun 1984, kuma har yau muna cikin ƙasashe goman farko a duniya wajen ƙona shi. Wanda bai kashe wutar da ke ci a tsakar gidansa ba, neman rancen sayen na'urar tace hayaƙinta gyaran gangar auzinawa ne.

Idan har takardar ta iso, kuma za ta iso, ina roƙon mai taimaka wa minista da daraktan da zai sa hannu a gefenta su mayar da ita idan ba ta faɗi lita nawa aikin zai sha a rana ba, daga wane kogi ko wace taska, da kuma wanda za a fara yanke wa ruwa a watan Afrilu idan ya yi ƙaranci, masana'anta ko gari. Kada a yarda da binnewa a ƙarƙashin kowace taskar ruwan sha. Wanda yake son gwaji ya tafi can cikin teku, da kuɗinsa. Hukumar NIHSA da hukumar ba da lasisin amfani da ruwa su sami ikon cewa a'a, ba kujerar baƙo a wurin bita ba. Kuɗin sa ido da na gyara a ajiye su tun farko a asusun da ba zai bi kamfani ba ranar da ya sayar ya tafi. Kafin a tura ko tan ɗaya, a bi rijiyoyin burtsatse da na gargajiya da ke kewayen wurin ɗaya bayan ɗaya, a auna tsaminsu da gishirinsu da ƙarafan da ke cikinsu, a buga sakamakon, a liƙa kwafe a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fadar hakimi. Manomin da ruwan rijiyarsa ya sauya ɗanɗano bayan shekara 15, wannan takarda ce kaɗai zai iya riƙewa ya shiga kotu da ita.